Ba tsautsayi kaɗai ne ya karya ƙugun Gwaggo ba

Watan jiya gwaggona ta faɗi a tsakar gida. Ta ɗauko buta za ta yi alwalar Asuba, silifas ɗinta ya goce a kan siminti mai danshi, ta zauna daɓas. Irin faɗuwar nan ce da yaro zai yi, ya tashi ya karkaɗe wando ya ci gaba da gudu. Ita kuwa ba ta tashi ba. Da aka ɗauki hoto a asibiti, aka ce wuyan ƙashin cinya ya karye, can inda yake shiga cikin ƙugu. Shekarunta 54.

Abin da ya tunzura ni na zauna rubutun nan shi ne abin da na gani a wurin dubiya. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Sannu Hajiya, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Wannan ban yi musu ba, na yi imani da ƙaddara kamar kowa. Sai wata baiwar Allah ta matso kusa da gado, ta zuge jaka, ta fito da ƙullin leda mai ƙwayoyi kala-kala, ta ce, "Yaya, in an sallame ki, ki koma kan haɗin nan, shi ne maganin sanyin nan naki." Jikina ya yi sanyi, domin haɗin nan ne Gwaggo ta shekara 7 tana sha safe da dare.

Ra'ayina a fili yake. Ciwon gaɓoɓi irin na Gwaggo ciwon ƙashi ne tun daga ranar da ya fara, kuma duk wanda ya kwantar da zogin ya bar ƙashin yana zaizayewa, rabin aiki ya yi. Sannan ƙwayoyin da ake ƙulla wa iyayenmu mata a kemis ba tare da takardar likita ba, su ne ke ƙarasa abin da ciwon ya fara. Ya kamata a daina.

Sanyin da ba sanyi ba ne

Mu Hausawa kalma ɗaya muke jibga wa cututtuka goma. Tsoho gwiwarsa ta goge saboda shekaru, sanyi ne. Mace tana fama da ciwon mara, sanyi ne. Matashiya ta tashi da safe yatsunta sun kumbura sun ƙage, shi ma sanyi ne. Tunda sunan ɗaya ne, sai maganin ma ya zama ɗaya.

Wanda nake magana a kansa likitoci suna kiransa amosanin gaɓoɓi na rumatoyid. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa fatar da ta lulluɓe gaɓoɓinsa daga ciki, ta kumbura ta, ta hura mata wuta. Ya fi fara kama ƙananan gaɓoɓi, yatsun hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, dama da hagu tare. Babbar alamarsa ita ce ƙagewar safe: mutum ya farka hannunsa ya ƙi dunƙulewa, sai an yi awa ɗaya ko fiye kafin ya saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne.

Akwai wani hali nasa da ke ruɗa mu ƙwarai. Yakan lafa idan mace tana da ciki, ya taso da ƙarfi bayan ta haihu. To, me za mu ce? "Ba ta yi wankan jego da kyau ba, sanyi ya shige ta." Na Gwaggo haka ya fara, bayan haihuwar autarta. Aka ɗora laifin a kan ruwan wanka da bai yi zafi ba, aka ƙara mata kunun kanwa.

Na san hannuwan nan nata tun ina yaro, su suka yi mana tuwo, su suka yi wa yayyena mata kitso. Yanzu yatsun sun karkata gaba ɗaya wajen ɗan ƙaramin yatsa, kamar karan dawa da iska ta kwantar. Ba ta iya murɗe marfin kwalba. Ɗaurin zani sai an taya ta. Wannan kowa a gidan yana gani, yana tausaya mata. Abin da ke faruwa a ƙashin bayanta da na ƙugunta ne babu wanda ya gani.

Magina da masu rusau

Muna ɗaukar ƙashi kamar itace busasshe, alhali abu ne mai rai. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ba sa hutu: masu rusau, waɗanda ke kankare tsohon ƙashi, da magina, waɗanda ke bin bayansu suna cike gurbin da sabo. A jikin mai lafiya aikin nasu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa, har a cikin kamar shekara 10 ƙasusuwan baligi sun sabunta gaba ɗaya.

Kumburin rumatoyid yana rushe wannan daidaito. Gaɓar da ta kumbura tana zubo wasu sinadarai, irin su TNF da IL-6, su kuma su sa jiki ya yawaita wani saƙo mai suna RANKL, wanda aikinsa shi ne kiran masu rusau. Sai su yi yawa, su ƙara himma. A lokaci guda kuma sinadaran nan suna danne magina. Ana ta rusau ba a gini.

Ɓarnar tana fara bayyana a bakin gaɓar, inda hoto ke nuna ƙashin kamar ɓera ya gutsure shi, kuma hakan na iya faruwa tun a shekara ta farko ko ta biyu. Daga nan ƙashin da ke kewaye da gaɓar ya yi shara-shara. Amma sinadaran nan ba sa zama a yatsa, jini yana kai su ko'ina. Shi ya sa ƙashin baya da na ƙugu, ko da ciwon bai taɓa kumbura su ba, su ma suke zama kamar ginshiƙin da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk ramuka. Wannan ita ce zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, kuma mai rumatoyid ya ninka wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da ita kusan sau biyu. Wani ma'auni mai suna FRAX da Jami'ar Shefil ta Ingila ta fitar a 2008 don ƙiyasta haɗarin karaya, a cikin 'yan tambayoyinsa akwai ɗaya da aka ware wa rumatoyid shi kaɗai.

Ƙara da cewa mai ciwon ba ya iya motsi sosai, ƙashi kuwa idan ba ya ɗaukar nauyi sai ya saki. Ƙara da cewa yawancin masu ciwon mata ne, kuma idan mace ta daina jinin al'ada, sinadarin da ke tsare mata ƙashi yana faɗuwa, zaizayar ta yi sauri na wasu shekaru.

Zaizayar ƙashi ba ta zogi. Ƙashin baya yana iya lotsawa, ɗaya bayan ɗaya, mutum bai sani ba sai ɗan ciwon baya da za a sake kira sanyi. Da likitan ya tambaye mu ko Gwaggo ta rage tsawo, sai muka kalli juna. A hoton bikin babbar 'yarta, ita ce ta fi amarya tsawo. Yanzu kanta da ƙyar yake wuce kafaɗar 'yar. Mun ga ta ranƙwafa, muka ce girma ne.

"Amma ai haɗin yana yi mata aiki"

Yana yi. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi a bakin mutane, kuma ba ƙarya suke yi ba. Matar da ta kwana tana kuka, ta sha ƙwaya biyu, washegari ta tashi ta share tsakar gida. Wa zai gaya mata maganin nan mugu ne ta yarda?

Da muka kwance ƙullin a gaban likita, ya ware ƙwayoyin da bakin biro. Ga na kashe zogi, ga bitamin mai launi, ga kuma wasu ƙanana farare iri biyu: firednisolon da deksametazon, wanda ake kira deksa. Dukansu sitiroyid ne, wato magunguna masu danne kumburi, kuma deksa ya ninka firednisolon ƙarfi wajen sau shida zuwa bakwai a nauyi ɗaya. An haɗa mata biyun a leda ɗaya.

Mamakin da muke yi wa maganin nan, Turawa sun riga mu yin sa. A 1948, a asibitin Mayo da ke Amurka, likita Filib Henc da abokan aikinsa suka yi wa wata matashiya da rumatoyid ya kwantar allurar kotizon, kakan waɗannan ƙwayoyi. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. Ba a daɗe ba kuma illolin suka fara fitowa: kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, da ƙasusuwa masu karyewa ba dalili. Darasin da suka koya fiye da shekara 70 da suka wuce, mu yanzu muke biyan kuɗinsa da ƙugun iyayenmu.

Sitiroyid yana kashe magina kai tsaye. Yana rage kalsiyam, sinadarin da ake gina ƙashi da shi, wanda hanji ke tsotsa daga abinci, yana ƙara wanda ke fita ta fitsari. Yana kuma raunana naman cinya, har tashi daga tabarma ya zama aiki, faɗuwa ta zama kusa. Ɓarnar ta fi sauri a wata 3 zuwa 6 na farko. Ƙa'idar likitocin gaɓoɓi na Amurka ta ce duk wanda zai sha miligiram 2.5 na firednisolon kullum har wata 3, a duba lafiyar ƙashinsa. Ƙwaya ɗaya da aka saba sayarwa miligiram 5 ce. Gwaggo shekara 7 ta yi. An gudu gara, an tarar da zago.

Abin da ya fi min ciwo shi ne yadda muka riƙa yaba illar. Fuskarta ta cika, ta yi ƙiba, 'yan uwa suna cewa, "Masha Allah, Hajiya ta murmure." Irin cikar nan ce 'yan mata ke nema idan sun sha ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, kuma deksa na cikinsu.

Wani zai ce ai likitoci ma suna rubuta firednisolon. Suna rubutawa, amma kaɗan, na ɗan lokaci, a matsayin gada kafin maganin ainihi ya fara aiki, sannan a janye shi sannu a hankali. Maganin ainihi shi ne mai kashe wutar daga tushe, kuma kashe wutar nan shi ne kariya ta farko ga ƙashi. Haɗin kemis yana rufe hayaƙi ne kawai.

A nan dole in ja kunne. Idan kai ko mahaifiyarka kun daɗe a kan ƙwayoyin nan, kada a daina su rana ɗaya don an karanta rubutun nan. Jikin da ya saba da sitiroyid yana daina yin nasa, kuma yankewa farat ɗaya na iya jefa mutum cikin galabaita, jini ya faɗi, har a rasa rai. A ɗauki ledar yadda take a kai wa likita, shi zai tsara yadda za a rage.

"Ina talaka ya ga kuɗin babban likita?"

Wannan tambayar ba ni da ikon raina ta. Yaron kemis ɗin unguwarsu ba azzalumi ba ne. Yana buɗe shago har dare, yana ba ta bashi, yana gaishe ta da "Mama, ya jikin?" Likitocin gaɓoɓi kuwa a ƙasar nan 'yan ƙalilan ne, kuma sai a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Maiduguri. Matar da ke ƙauye, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ta. Na'urar DXA mai auna ƙarfin ƙashi ma ba kowace jiha ke da ita ba. Duk na yarda.

Amma mu yi lissafin har ƙarshe. Kuɗin aikin ƙugun Gwaggo, da ƙarfen da aka saka, da jini, da kwanakin gado, sai da aka yi karo-karo a dangi aka kuma sayar da shanu biyu. Da an kashe wani ɓangare na wannan kuɗin shekara 7 da suka wuce, da labarin ya bambanta. Kuma karayar ƙugu ba wasa ba ce: ko a ƙasashe masu asibitoci na gani na faɗa, kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka yi ta ba sa cika shekara, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma ba sa komawa tafiyarsu ta da.

Maganin da ake fara ba mai rumatoyid a duk duniya, metotireksat, tsohon magani ne, ba na masu kuɗi ba. Sau ɗaya ake shan sa a mako. Na maimaita, a mako, domin shan sa kullum guba ne. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta lokaci-lokaci, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Ita akwai wasu, kamar haidiroksikulorokwin, ɗan uwan kulorokwin ɗin da muka sani, da salfasalazin. Na kare ƙashi kuma akwai alendironat, shi ma sau ɗaya a mako: da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe ko a tsaya na minti 30 ba a kwanta ba. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin likitan babban asibitin ƙaramar hukuma idan an horar da shi.

Rashin na'ura ma ba uzuri ba ne. Ana iya cike FRAX a waya ba tare da sakamakon na'urar ba. Awon tsawo da tef a jikin bango sau ɗaya a shekara ba ya cin ko sisi. Macen da ta wuce 50, tana da rumatoyid, ta daɗe a kan sitiroyid, ta rage tsawo, ba ta buƙatar wata na'ura ta gaya wa likita cewa ƙashinta na cikin haɗari.

Saura doka. Lasisin mai shagon magani na unguwa bai ba shi damar sayar da sitiroyid ba, magani ne na takardar likita. Ina kira ga hukumar PCN mai kula da shagunan magani da ƙungiyoyin masu kemis su ɗauki deksa da firednisolon da irin muhimmancin da aka ba kodin da taramol. Su waɗancan ɓarnarsu ana ganinta a titi, shi ya sa aka tashi tsaye. Ta waɗannan tana cikin ɗaki, a kan gadon tsofaffin mata, inda ba mai ɗaukar hoto. Hukumomin inshorar lafiya na jihohi kuma su saka magungunan rumatoyid da na kare ƙashi a jerin abin da suke biya.

"Mu da muke da rana da nono"

Na ji wani ɗan boko yana cewa zaizayar ƙashi cutar Turawa ce, baƙar fata ƙashinsa ƙarfe ne, ga rana har ta yi mana yawa. Gaskiya ne a dunƙule baƙar fata ya fi Bature kaurin ƙashi. Amma kumburi da sitiroyid ba sa duba launin fata.

Kuma abincinmu bai kai yadda muke zato ba. Binciken da aka yi a Jos a shekarun 1990 kan yara masu gwamen ƙafa ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalilin, fiye da rashin bitamin D. Tuwo da shinkafa da taliya suna cika ciki, kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Mace mai shekarun Gwaggo tana buƙatar miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, kofin madara ɗaya kuwa wajen 300 ne. Gida nawa ne a cikin birni ake shan nono ko kindirmo kullum? Abin farin ciki, kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu duk suna da shi, kuma suna kasuwarmu. Sai dai kada a ruɗi kai, miyar kuka ba za ta rinjayi deksa na shekara 7 ba.

Ranar kuma, tana waje. Matar da gwiwa ta hana ta fita, tana ƙuryar ɗaki daga Asuba zuwa Isha, ba ta samun ta. A nan mu 'yan gida muke yin ɓarna da sunan tausayi. "Mama ki zauna, ki huta, kada ki taɓa komai." Muka karɓe mata tsintsiya, muka karɓe mata zuwa maƙwabta, har gaisuwar mutuwa muka ce ta bari a je mata. Ranar da gaɓa ta kumbura tana zafi, hutu daidai ne. Sauran ranakun kuwa tafiya a hankali, tashi da zama daga kujera, zagaya tsakar gida da hantsi, su ne abincin ƙashi da naman cinya. Da mun bar mata wannan, mun gyara simintin nan mai santsi, mun sa ƙwan lantarki a hanyar banɗaki da ƙarfen kamawa a bango, da mun fi yi mata gata.

Ranar da ta faɗi, wasu sun ce a kira mai ɗori. Allah ya taimake mu babban ɗanta ya ƙi. Wuyan ƙashin cinya yana can cikin nama inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma jan ƙashin da ya zaizaye da ƙarfi na iya ƙara masa wata karayar.

Gwaggo tana gida yanzu. Tana sallah a kan kujera, tana koyon tafiya da ƙarfe mai ƙafa huɗu, ana rage mata firednisolon kaɗan-kaɗan, ranar Juma'a kuma tana shan metotireksat ɗinta, an rubuta ranar a jikin kalanda da jan biro. Yatsun da suka karkace ba za su miƙe ba, tsawon da ya tafi ma ba zai dawo ba.

Makon jiya na tarar da 'yarta ta biyu a wurinta, shekarunta 31, da jaririn wata uku a baya. Na lura da hannu biyu take ɗaga kofin shayi. Na tambaye ta, ta ce tun bayan suna take tashi da yatsu a ƙage, sai wajen hantsi suke saki, kuma surukarta ta ce wankan ne bai yi ba. Gwaggo ta ɗago daga kan gado ta dube ta, ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ɗana, gobe ka kai ƙanwarka a ɗebi jininta. Kada ka bari ta bi ta kemis."

Mun je ranar Litinin. An ɗebi jinin, an ce mu koma ranar Alhamis.